Kwandon da Ke Tsayawa a Sama

Ranar da Lailatu ta fara ganin Junaidu, daga sama ta gan shi, kuma harara ta riga sallama isa wurinshi.

Kashegarin ƙaramar Sallah ne, da la'asar. Ita da ƙawarta Nafisa sunka tafi Lambun Maigandi, can wajen Ƙofar Taramniya, inda tsohon lilon nan mai kwanduna yake. Ƙaton gare ne na ƙarfe a tsaye, kwanduna rataye a jikinshi, ya juya da kai a hankali ya kai ka sama, ya maido ka ƙasa.

An kawo motocin lantarki masu karo da juna. An kawo jirgin ƙasa mai kiɗa. Kowanne ya yi yayinshi, wasu har sun mutu an jingine su bayan katanga. Shi ko tsohon, fenti ya koɗe, yana ƙiiii kamar ƙyauren zaure, amma layinshi har wurin mai tsire. Waɗanda sunka hau shi suna yara su ne yanzu ke riƙe da hannun nasu ɗiyan a layi.

Kwandon su Lailatu kore ne. Yana kai ƙololuwa, lilo ya tsaya cak.

Nafisa ta hau ihun daɗi. Ga Hubbare can, ga hasumiyoyin masallatai, ga koren fadama ya kwanta kamar darduma. Lailatu ba ta kalli ko ɗaya ba. Ƙasa ta leƙa. Wani dogon saurayi ne tsaye da hannu a kan birki, ya ɗaga kai yana kallonta kamar mai duban wata.

Suna saukowa ta tsaya gabanshi.

"Malam, mi munka yi maka ka rataye mu?"

"Ranki ya daɗe, haka aikin yake. In ana zuba mutane a kwandon ƙasa, na sama sai ya jira."

"To wa ka zuba? Iska? Ina kallo, kwandon ƙasa wayam yake."

Ya sosa ƙeya. Nafisa ta toshe baki da mayafi.

Ai bai san ɗiyar wa ya tsayar ba. Lailatu a ɗakin kakarta Inno Sadiyatu ta tashi, tsohuwar da in ka gaishe ta da fara'a fiye da ta jiya sai ta tambayi abin da kake nema. Wanda ya taso a hannun Inno ba ya karɓar alherin da bai san dalilinshi ba.

Nafisa ce ta ci amana, ta ba da lamba. Da safe saƙo ya shigo.

"Assalamu alaikum. Junaidu ne, mai lilo. Jiya na yi miki ƙarya, kuma ban ji daɗi ba. Babu wanda nake zubawa. Na ga in kin sauko za ki tafi, shi ya sa na ja birki."

Ta karanta sau uku tana neman inda tarko yake. Sai bayan azahar ta amsa.

"Ƴammata nawa ka taɓa ja wa birki?"

"Wallahi daga ke aka fara, Ta Sama."

"Sunana Lailatu."

"Na sani. Amma a sama na tsince ki."

Sunan ya bi ta. Ita kuma ta sa mashi Sarkin Birki, wai don ta tsokane shi, sai ga shi sunan yana yi mata zaƙi a baki.

Ba ta saki jiki haka nan ba. Ta bincika. Ta ji ya yi karatun gyaran inji a poli, ya samu aikin kamfani a Kaduna ya ƙi, don ubanshi marigayi Mode shi ya riƙe lilon nan tun ranar da anka kafa shi, kuma kafin ya cika ya ce kada a bari ya yi tsatsa. Ta ji yana sallar asuba a jam'i. Ta sa Nafisa ta je lambun ita kaɗai ta ci kwalliya, ta ga ko za a ja mata birki. Ba a ja ba. Nafisa ta dawo tana mita, Lailatu ta kwana tana murmushi.

Daga nan ya fara zuwa zance zauren gidansu a Hubbare. In Lailatu ta ce mashi lilon tsoho ne, me mutane ke gani a ciki, sai ya ce, "Garin nan a kwance yake, Ta Sama. Mutum ya shekara hamsin bai taɓa ganin rufin gidansu ba. Kowa na son ya ga inda yake zaune sau ɗaya daga nesa."

"Ni ban ga komai ba sai wani mai ƙarya."

"To ai kin ga gidanki ke nan."

Ta rufe fuska da mayafi ta ce Allah ya shirye shi.

Da maganar turo magabata ta taso, mahaifinta Malam Abdulshakur bai ce a'a ba, bai ce to ba. Mutum ne mai almajirai manya, mai jan baƙi a masallacin unguwa. Ya ce zai yi bincike, kamar yadda ake yi. Amma ya ƙara da cewa abu guda ya tsaya mashi a rai: an ce daga saman lilon ana hangen tsakar gidajen mutane. Sana'ar da ke ɗaga ƙatti sama da katangar matan aure, shi bai ga albarkarta ba.

Wa ya gaya mashi? Lailatu ba ta sha wahalar ganewa ba. Jalaluddeen ne, ɗan abokin Malam, mai aiki a ma'aikatar filaye, mai farar mota da turare kamar an ɓare kwalba. Shekara biyu yana kawo wa Malam dabino da zuma, yana gaishe da Lailatu da sunanta cikakke. Inno ta daɗe da faɗin, "Wagga zuma ba don Allah ta ba. Ku dai ku sha, amma ku san da ƙudanta."

Ran wata Asabar Jalaluddeen ya turo mata bidiyo a waya, da ɗan rubutu a ƙasa.

"Ƙanwata, ba don in ɓata kowa ba. Duk Juma'a haka ake yi. Ki tambaya."

Ta buɗe. Koren kwando ne a ƙololuwa, tsaye cak. Mace guda a ciki, ita kaɗai, da shuɗin hijabi. Mai ɗaukar ya sauko da waya ƙasa: kwandon ƙasa wayam. Ga Junaidu, hannu a kan birki, ya hana mutanen layi matsowa.

Ta sake kallon bidiyon. Ba tsayawar ta dame ta ba. Wofin kwandon ƙasa, shi ne abin. Wannan nata ne. Da shi anka fara.

Ta rubuta wa Junaidu.

"Wace ce mai shuɗin hijabi?"

Ya daɗe bai amsa ba. Wanda ke amsawa kafin ta ajiye waya.

"Ta Sama, babu komai tsakanina da ita. Amma amana ce, ba zan iya faɗa ba."

"Ka ce daga ni aka fara. Ashe ba ka ce a kaina aka ƙare ba."

"Ki yarda da ni."

"Ni jikar Inno ce. Ba na sayen akuya a cikin buhu."

Bidiyon ya riga ya kai ga Malam. Ya kira ta, ya ce ya aika wa yaron: ko ya zo da bayani kafin Juma'a mai zuwa ta wuce, ko kada wani nashi ya tako zauren nan. Junaidu ya zo, ya durƙusa, ya rantse ba neman kowa yake ba. Da anka ce to wace ce, sai ya sunkuyar da kai ya ce a gafarce shi. Malam ya kaɗe babbar riga ya shige gida.

Lailatu ta kwanta ɗakin Inno ta juya wa duniya baya. Tsohuwa na gefe tana ɓare goro.

"Ke, tashi. Kuka bai taɓa kama ɓarawo ba."

"Inno, ya ƙi faɗa."

"Maƙaryaci ba shi ƙin faɗa, ɗiyata. Da ya ce ƙanwar innatai ta, da ya ce ɗiyar maƙwabta ta. Wanda ya yi shiru alhali ƙarya na araha, akwai abin da yake riƙe. Ko mugun abu, ko mai kyau. Ido ka rabawa, ba kunne ba."

Ranar Juma'a bayan la'asar, Lailatu ta ari niƙabi da baƙin hijabi ta tafi lambu. Ta rakuɓe bayan mai sayar da ƙanƙara tana kallo.

Ba a jima ba ga mai shuɗin hijabi. Ba yarinya ba ce, ta girmi Junaidu, siririya, takalminta ya sha ɗinki. Ba ta bi layi ba. Junaidu ya juyo da koren kwando, ya buɗe mata. Bai kalle ta ba, ba ta kalle shi ba. Lailatu ta ce a ranta, su gwanaye ne, sun saba.

Kafin ya sa sakata, ta ratsa mutane ta faɗa kwandon ta zauna.

"Baiwar Allah, wannan na mutum ɗaya ne," in ji shi.

Ta damƙe ƙarfen gefe da hannun hagu. Ya tsaya yana kallon hannun. Can ya ja numfashi, ya sa sakata, ya saki birki.

Sunka tashi. Rufin kwano ya fara bayyana, kan itatuwa ya dawo ƙasa da su. A ƙololuwa lilo ya tsaya.

Lailatu ta zuba wa matar ido, tana jiran ta leƙa ƙasa ta yi murmushi, ko ta ɗaga hannu. Ko sau ɗaya ba ta dubi Junaidu ba. Ta juya ta manne da gefen kwando, ta miƙa wuya wajen wani gida mai dogonyaro a tsakiya, bayan katangar lambun. Yara biyu ne a gindin itacen. Babbar na wanke kwanoni, ƙaramin na jan gwangwani da igiya.

"An yi mata kitso," matar ta faɗa a hankali, ba da kowa take ba. "Alhamdu lillahi, an yi mata kitso."

Hawaye na zuba, ba ta share ba, don kada hannu ya tare mata gani.

Lailatu ta ɗage niƙabi. "Yaya, ɗiyanki ne?"

Matar ta firgita, ta kama hannunta. "Don girman Allah kada ki faɗa wa kowa. In sunka ji, ɗaki za su riƙa kulle su."

Sunanta Lantana. Aure ya mutu bara, ba da daɗi ba. Uwar mijin, Hajiya Atika, ta rantse ƙafar Lantana ba ta ƙara taka ƙofar gidan, yara kuma ba su zuwa inda take. Wata rana bayan ƙaramar Sallah baƙin ciki ya koro ta lambun, ta hau lilon da take hawa tana budurwa, sai ga ɗanta a ƙasa yana wasa. Juma'a ba Islamiyya, suna tsakar gida. Ta roƙi mai lilo ya riƙa tsayar mata kaɗan, ta sa shi ya rantse.

"Ko sunana bai taɓa tambaya ba," in ji ta. "Kanshi a ƙasa yake har in sauko."

Lailatu ta leƙa. Gaskiya ne. Yana tsaye ya ba lilon baya, yana ba mutanen layi haƙuri.

Tana cikin keke napep saƙo ya shigo.

"Na gane hannunki. Ke kaɗai ke riƙe ƙarfen da hagu kamar za ki mare shi. Bakina dai bai faɗa ba."

"Sarkin Birki, ka yafe mani."

"Na yafe tun kina sama. Amma ki sani, in kin wanke ni wurin Malam, kin tona ta."

Nan ne gizo ke saƙa. In ta yi shiru, wa'adi ya cika yau, aure ya tashi. In ta faɗa, ta tabbatar wa Malam da bakinta cewa ana hangen gidajen mutane, kuma magana in ta fita zaure ba ta rasa isa kunnen Hajiya Atika.

Ba ta nufi zaure ba. Ɗakin Inno ta shiga, ta saki labule, ta kwashe duka ta faɗa.

Inno ta daina tauna goro. "Wace Atika? Ta gidan dogonyaro, matar marigayi mai jima?"

"Ita."

"Ɗauko mani mayafina da sandata."

Ta tafi ita kaɗai. Abin da anka ji daga baya, daga bakin masu aikin gidan, shi ne Inno ko ruwa ba ta sha ba. Ba ta ambaci lilo ba. Ta zauna ta ce, "Atika, da mijinki ya rasu, wa ya kwana ɗakinki? Wa ya riƙa aiko maki tuwo har kin fita takaba, lokacin da danginki sunka watse? Ban taɓa tuna maki ba, ajiya na yi. Yau na zo ɗauka. Ɗiyan Lantana, duk Juma'a su wuni wurin uwarsu."

Hajiya Atika ta fara kawo laifin Lantana, na farko, na biyu. Inno ta ce ita ba shari'a ta zo ba, ba ta tambayi laifin kowa ba ranar da take dama mata kunu. Hajiya Atika ta ce to.

Kafin magariba Inno na zauren ɗanta. Lailatu na laɓe bayan ƙyaure. Jalaluddeen na nan zaune da sabuwar kwalbar zuma, ya zo jin yadda wa'adi ya ƙare.

"Kai, ɗan nan, ba mu wuri. Ka tafi da zumarka, haƙoranmu sun gaji."

Ya fita yana gyara hula, ba wanda ya raka shi.

Inno ta gaya wa Malam labarin Lantana tsaf. Ya yi salati, ya jinjina kai, amma ya ce, "To Inna, ai maganata ta fito. Ana hangen gidaje."

"Ana hange. Wannan ka faɗi gaskiya, sai a gyara. Amma ni wata magana ta kawo ni. Abdu, ka taɓa hawan lilon ga?"

Malam ya dubi tabarma.

"Shekarar da anka kafa shi, kana saurayi, ka sa sabuwar shadda ka tafi burge uwar ɗiyan ga. Kuna kai sama ka kama salati da kuka, jiri ya kwashe ka, ka ɓata rigarka. Wa ya sauko da kai ta baya, ya ba ka tashi rigar, ya ce wa mutane inji ne ya lalace? Mode. Shi ya kawo ka gida a kekenai. Ya mutu bai faɗa ma kowa ba, har ɗan da ya haifa. Da ya buɗe baki, da yau ba Malam ake ce maka a Hubbare ba, da wani suna ne."

Lailatu ta cusa mayafi a baki.

"Uba ya rufa maka asiri kana cin moriya har yau. Ɗa ya rufa ma wata, ka ce ba ka ba shi ɗiya? Gidan ga ba mu kwana da nauyin mutane."

Malam ya daɗe yana shafa gemu. Can ya yi dariyar da ba a saba ji ba, ya ce a gaya wa yaron ya turo. Sharaɗi guda: a toshe gefen kwandunan da ke duban gidaje.

Junaidu bai ɗauko na'urar walda ba sai da ya ga Juma'a ta zo, Lantana ta shigo lambun riƙe da yara biyu, ɗaya a kowane hannu, sun bi layi kamar kowa. Ranar nan ya liƙa faranti a gefen gidaje. Gefen Hubbare da fadama ya bar shi a buɗe. Layi bai ragu ba ko da mutum ɗaya.

Anka ɗaura aure bayan babbar Sallah, Malam da kanshi ya yi huɗuba, ya daɗe a kan falalar riƙon amana. Lantana ce ta kama girkin biki, ta hana kowa taɓa muciya.

Bayan kwana bakwai, da yamma, Junaidu ya kai amaryarshi lambu. Sai a bakin koren kwando Lailatu ta tuna wani abu.

"Sarkin Birki, ka san ba mu taɓa hawa tare ba? Kullum kana ƙasa."

"Ai sai da na samu izini, Ta Sama."

Abokin aikinshi ya kama birki. Inno ta sa an kawo mata kujera dab da shi, ta ce ita ba ta hawa abin da ba ta ga ƙafafunshi ba, amma za ta sa ido.

Sunka tashi a hankali, tsoho na ƙiiii. Rana ta yi ja a kan fadama. A ƙololuwa lilo ya tsaya cak.

Lailatu ta leƙa ƙasa, don hali zanen dutse ne. Kwandon ƙasa wayam. Inno ce ta ɗora sandarta a kan hannun mai birki, mutanen layi na ta dariya.

"Wannan karon ba ni ba ne," in ji Junaidu.

"Na gani. Sai da na duba."

Ta saki ƙarfen, ta ba shi hannun hagun.

Daga ƙasa muryar tsohuwa ta taso, har masu tsire sunka juyo.

"Ku zauna nan sai na gama! Allah ya ba ku zaman lafiya. Allah ya rufa maku asiri yadda kunka rufa ma wasu. Allah ya kawo masu albarka, su ma su zo su bi layin ga."

Lambu ya ɗauka da amin.

Sannan ta ɗauke sandar, ta dubi mai birki. "To, sauko mani da su a hankali. Ango bai kawo mani goron gaisuwa ba tukuna, kuma ban manta ba."